Gasar Wasan Bidiyo a Makaranta: Wa Ke da Ta Cewa Kafin a Kunna Kwamfuta?

A ƙarshen watan Janairun 2020, kwamishinan hukumar wasannin makarantun sakandare ta jihar Kentucky a Amurka, Julian Tackett, ya aika wa makarantun jihar saƙo cewa ba za a buga Fortnite da sunan hukumarsa ba. Kwanaki kaɗan kafin nan, kamfanin PlayVS da ke shirya wa makarantu gasar wasannin bidiyo ya sanar da shigar da wasan cikin waɗanda ɗalibai za su fafata a kai. Tackett ya ce wasan harbe-harbe ba shi da mazauni a makarantunsu. Ba ƙin gasar yake yi ba. Kentucky na cikin jihohi biyar da suka fara ta a 2018, tare da Connecticut da Georgia da Massachusetts da Rhode Island. Abin da ya sani, wanda kamfanin da ke zaune can California bai auna nauyinsa ba, shi ne tabon da ke zukatan jama'arsa. A Janairun 2018 wani ɗalibi ya buɗe wuta a sakandaren Marshall County, ya kashe ɗalibai biyu. A Disambar 1997 an kashe 'yan mata uku a sakandaren Heath, kusa da garin Paducah, har iyayensu suka maka wasu kamfanonin wasan bidiyo a kotu, ko da yake an kori ƙarar.

Masu goyon bayan Fortnite ba su rasa abin faɗa ba. A shekarar nan ta 2020, ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta fito ta ce babu isasshiyar hujjar kimiyya da ke nuna wasan bidiyo mai faɗa a ciki shi ke sa mutum ya aikata ta'asa. Maganar gaskiya ce. Amma ba a zuwa garin da aka binne yara a ce wa iyaye ga sakamakon bincike, ku bari 'ya'yanku su harbi juna a allon kwamfuta sanye da rigar makaranta. Hana wasa ɗaya da hukumar ta yi shi ya bar wa sauran wasannin ƙofa a buɗe, domin iyaye sun ga akwai mai ido a kan lamarin, kuma yana iya cewa a'a.

A nan batun yake. Makarantar da ke son kafa ƙungiyar gasar wasan bidiyo, wato abin da duniya ke kira esports, takan ɗauka matsalarta kuɗin kwamfuta ce. Ba ita ba ce. Kwamfuta ana saye, ana aro, ana samun kyauta. Abin da ba a saye shi ne yardar uwar da ta daɗe tana faɗa da ɗanta a kan ya ajiye wasa ya ɗauki littafi, sai ga takarda daga makaranta ana neman ta sa hannu ya zauna bayan an tashi domin ya ƙara yin wasan.

Yadda abin ya shiga makarantu bai ɗauki dogon lokaci ba. A 2014 Jami'ar Robert Morris ta Chicago ta zama ta farko a Amurka da ta ba ɗalibai tallafin karatu saboda ƙwarewa a wasan League of Legends, kamar yadda ake ba 'yan ƙwallo. Wani jami'in sashen wasanninta mai suna Kurt Melcher ne ya kawo shawarar. A 2016 Jami'ar California da ke Irvine ta buɗe zauren gasa na musamman a harabarta. Sai a 2018 tarayyar hukumomin wasannin sakandare ta ƙasar, wadda ke tsara dokokin ƙwallon kwando da guje-guje da sauransu, ta ƙulla yarjejeniya da PlayVS, kamfanin wani matashi ɗan Detroit, Delane Parnell. Daga nan ne wasan bidiyo ya sami kujera a teburi ɗaya da wasannin da iyaye suka sani: akwai koci, akwai kakar wasa, akwai kofin jiha.

Samun kujera daban, samun karɓuwa daban. A Amurka harkar makarantun gwamnati tana hannun hukumar gunduma, wadda galibi jama'ar gari ke zaɓen mambobinta, kuma zamanta a bainar jama'a ake yi. Duk wanda ya ga dama yana iya miƙewa ya tambayi dalilin da za a kashe kuɗin harajinsa a kan wasa. Saboda haka malamin da ya zo da wannan shawara dole ya shirya amsa.

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce ta kuɗi, kuma ita ce mafi rauni. Za a ce ai a Yulin 2019 wani yaro ɗan shekara 16, Kyle Giersdorf, ya ci dala miliyan 3 a gasar Fortnite ta duniya da aka yi a filin Arthur Ashe na birnin New York. Za a ce Jami'ar Harrisburg a Pennsylvania ta ɗauke wa 'yan wasanta kuɗin makaranta gaba ɗaya. Duka gaskiya ne. Sai dai mutum miliyoyi ne suka shiga zagayen share fage na waccan gasa, ɗaya ya ɗauki miliyan ukun. Jami'o'in da ke ɗauke kuɗin makaranta ɗungurungum ba su da yawa. Akasarin tallafin wani yanki ne na kuɗin. Uban da aka ja hankalinsa da wannan alkawari zai dawo bayan shekara biyu ya tambayi ina kuɗin, kuma yana da gaskiya. Mafi muni, an koya wa yaron cewa darajar abin da yake yi tana ga abin da zai ci, wanda tunani ne da ke maƙwabtaka da caca.

Hujjar da ta fi tsayuwa ba ta da ƙyalƙyali. Binciken cibiyar Pew na 2024 ya nuna kashi 85 cikin 100 na matasan Amurka masu shekara 13 zuwa 17 suna wasan bidiyo, kuma kusan huɗu cikin goma kullum suke yi. Ke nan tambayar ba ita ce ko yaro zai yi wasa ba. Yana yi. Tambayar ita ce a ina, da wa, kuma wa ke jin abin da ake faɗa masa ta na'urar da ke kunnensa. A ɗakinsa da tsakar dare, abokan wasansa baƙi ne da bai taɓa gani ba, wasunsu manya, kuma ashar da cin mutunci a wasannin intanet ba ɓoyayyen abu ba ne. A makaranta kuwa, ƙarfe huɗu na yamma ne, malami na tsaye a bayansa, abokan wasansa 'yan ajinsu ne da zai haɗa ido da su gobe da safe. In ya zagi wani, benci zai zauna. Wannan magana iyaye suna gane ta nan take, domin ba mafarki ake sayar musu ba.

Akwai kuma yaran da filin ƙwallo bai taɓa yi da su ba. Malaman da suka kafa irin waɗannan ƙungiyoyi sun sha faɗin cewa da yawa daga masu zuwa rajista ba su taɓa shiga kowace ƙungiya ta makaranta ba: mai kunya, mai jiki, mai keken guragu, wanda ke cin abincin rana shi kaɗai. Tun 2018 kamfanin Microsoft ya fitar da na'urar sarrafa wasa ta musamman domin masu lalurar hannu. Yaron da bai taɓa jin an kira sunansa a taron makaranta ba sai don laifi, ranar da aka kira shi don ya ci wasa, gidansu ma sai an ji a jiki.

Amma tsoron iyaye ba shirme ba ne, kuma malamin da ya raina shi ya kashe shirinsa da hannunsa. A Mayun 2019 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da sanya jarabar wasan bidiyo cikin kundin cututtuka, wanda ya fara aiki a Janairun 2022. Hukumar ta yi taka-tsantsan wajen bayani. Ba yawan wasa kawai ba ne cutar. Sai mutum ya kasa mallakar kansa, wasan ya ture sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, kuma galibi a ɗauki aƙalla wata 12 ana haka. Ta kuma ce kaso kaɗan ne na masu wasa ke faɗawa ciki. Ƙasashe sun gwada maganin abin da doka. Koriya ta Kudu ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 wasan intanet daga sha biyun dare zuwa shida na safe tun 2011, sannan ta soke dokar bayan shekara goma, ta mayar da hukuncin hannun iyaye. Sin kuwa a Agustan 2021 ta taƙaita wa yara awa uku a mako, awa ɗai-ɗai a daren Juma'a da Asabar da Lahadi. Idan gwamnatoci masu ƙarfi irin waɗannan sun damu har haka, ba uwar da za a ce wa damuwarta ƙauyanci ne. Abin da take so ta ji shi ne awa nawa a mako, ƙarfe nawa ake tashi, me zai faru in makin ɗanta ya faɗi. Makarantun da suka yi nasara sun ɗora wa 'yan wasan bidiyo sharaɗin da ke kan 'yan ƙwallo: ba maki, ba wasa, ba zuwa aji, ba wasa. Sun kuma rubuta shi a takarda, yaro ya sa hannu, uba ko uwa su sa.

Zaɓen wasan da za a fara da shi rabin aikin ne. A garin Fair Haven na jihar New Jersey, wani malami mai suna Chris Aviles ya kafa ƙungiya a ƙaramar sakandaren Knollwood a 2018, lokacin da ƙungiyoyin yara masu wannan shekaru ba su da yawa, har sai da ɗalibansa suka riƙa karawa da 'yan Jami'ar Rutgers don rashin tsararraki. Wasan da ya zaɓa Rocket League ne. Motoci ne ke buga ƙwallo, uku da uku, minti biyar. Ba bindiga, ba jini, kuma hukumar da ke tantance wasanni a Amurka ta sa shi a rukunin da kowa zai iya bugawa. Kakar yaro ma in ta zauna minti ɗaya za ta gane wa ke ci, domin raga biyu ce da ƙwallo ɗaya. A kwatanta da League of Legends, inda mutum biyar ke karawa da biyar da jarumai fiye da 160 masu baiwa daban-daban. Wasa ne mai zurfin dabara, amma baƙo in ya kalla ba abin da zai gani sai walƙiya da hayaniya. Wanda bai gane abu ba, da wuya ya tsaya masa a taron kasafin kuɗi.

Shi ya sa gayyatar jama'a su zo su gani ta fi kowace takardar bayani. A ɗauko majigi a haska wasan a bangon zauren taro, a jera kujeru, a sa wa yara riga mai tambarin makaranta, a ba ɗalibi biyu makirufo su yi sharhi yadda ake yi a rediyo. Uban da ya zo da shirin ganin yara sun yi jugum gaban allo, sai ya ji ɗansa, wanda a gida da ƙyar ake jin muryarsa, yana ba abokansa umarni: kai koma baya, ni zan tare, bar masa. Sai ya ga an ci su, sun tashi sun gaisa da abokan karawa, koci ya zaunar da su ana duba inda aka yi kuskure. Gani ya kori ji.

Gundumar Orange a California ta bi wata hanya, wadda ta fi kwantar wa malamai hankali. A can gidauniyar Henry da Susan Samueli ce ta ɗauki nauyin gasar sakandare da aka fara a farkon 2018, tare da sashen ilimi na gundumar da masu bincike na jami'ar Irvine, ciki har da Farfesa Constance Steinkuehler. Henry Samueli na cikin waɗanda suka kafa kamfanin Broadcom, don haka ya san irin ma'aikatan da masana'antar fasaha ke nema. Tsarin da suka fito da shi, wanda ya zama ƙungiyar NASEF, bai tsaya kan 'yan wasa ba. Kulob ne da ke da gurbin mai nazarin alƙaluman wasa, mai zanen tambari, mai tace bidiyo, mai sharhi, mai shirya taro, mai neman masu tallafi, da mai gyaran na'ura. Mutum biyar ke zama a gaban kwamfuta, amma ashirin na iya samun aikin yi. Har manhajar darasin Ingilishi suka tsara a kan duniyar wasannin, kuma Jami'ar California ta amince a lissafa ta cikin darussan neman shiga. Da wannan, malamin adabi da na lissafi suka daina kallon kulob ɗin a matsayin kishiyar ajinsu. A Norway ma, sakandaren Garnes da ke Bergen ta sanya wasan cikin darussa a 2016, awa biyar a mako, ta haɗa shi da motsa jiki.

Akwai mutum ɗaya da ake yawan mantawa, kuma shi kaɗai yana iya tsayar da komai: jami'in kwamfuta na makaranta. Dokar Amurka ta 2000 ta wajabta wa makarantun da ke karɓar tallafin intanet na gwamnati su sa matattara da ke toshe shafukan da ba su dace da yara ba, kuma makarantu da yawa suna haɗawa da wasanni a toshewar. Sai shi ya buɗe hanya. Shi zai san cewa wasannin nan suna sabunta kansu ba sanarwa, kuma in ba a sauke sabuntawar tun da rana ba, lokacin gasa zai yi yara na zaune suna kallon layin lodi har a ba abokan karawarsu maki a banza. Wanda ya kira shi tun ranar farko, ya tambaye shi abin da zai yiwu, ya sami aboki. Wanda ya sayo kaya sannan ya aika masa takarda, zai daɗe yana jira.

Sai kuɗi. A farkon gasar PlayVS ana biyan dala 64 kan kowane ɗalibi a kowace kaka. Ga makarantar masu hali ba komai ba ne. Ga ta unguwar talakawa, shinge ne. Wannan na cikin dalilan da suka sa malamai a jihohi da dama suka kafa nasu gasar ba don riba ba. Aviles da wasu abokan aikinsa sun kafa Garden State Esports a New Jersey, malamai ke gudanar da ita. Tsakanin irin waɗannan ƙungiyoyi da kamfanin an yi ta ja-in-ja kan wa ke da izinin shirya gasa da wane wasa, domin, saɓanin ƙwallon ƙafa da ba ta da mai ita, kowane wasan bidiyo mallakar wani kamfani ne, kuma yana iya sauya sharaɗi ko ya rufe shi duk ranar da ya so. Ya kamata a gaya wa iyaye da hukumar makaranta wannan tun farko, kada su ji shi daga baya.

Japan ta nuna wata hanyar samun kaya. Da aka fara gasar sakandare ta ƙasa a 2018, ƙarƙashin jaridar Mainichi da kamfanin kwamfuta na Thirdwave, kamfanin ya riƙa ba makarantu aron kwamfutocin wasa kyauta domin su kafa kulob. Ba sadaka ba ce zalla, kasuwa yake shukawa, kuma kowa ya san haka. Tallafin 'yan kasuwa ba laifi ba ne, amma makaranta ce za ta zaɓi sunan da zai hau rigar ɗalibanta. Shagon gyaran kwamfuta na unguwa ko kamfanin intanet na gari, to. Kamfanin caca ko na lemon ƙara kuzari, wannan kuɗi ne da in an karɓa za a biya shi da amanar iyaye.

Batun 'yan mata ya isa a tsaya a kai. Binciken Pew na 2018 ya nuna kashi 83 cikin 100 na 'yan mata matasa a Amurka suna wasan bidiyo, amma a leƙa ɗakin atisayen yawancin makarantu, maza ne fal. Ba ƙwarewa ce ta hana su ba. Wasan ba ya neman ƙarfin damtse. Abin da ke korarsu shi ne irin maganganun da ake jefa musu da zarar an ji muryar mace a wasan intanet. Kulob ɗin da bai tanadi hukunci a kan wannan ba, kuma bai nemi malama ta shiga cikin masu kula ba, ya rasa rabin ɗaliban makarantar, ya kuma rasa iyayensu a ranar ƙuri'a.

A Afirka, ƙasar da ta fi daɗewa da tsari ita ce Afirka ta Kudu, inda ƙungiyar Mind Sports South Africa ke shirya gasar makarantu, tana kuma ba ɗaliban da suka yi fice lambar wakiltar lardi da ta ƙasa kamar sauran 'yan wasa. Dabarar a fili take: iyaye a can sun san darajar wannan lamba tun daga wasan zari-ruga da kurket, sai aka shigo da sabon abu ta ƙofar da suka saba.

Mai karatu a Kano ko Kaduna ko Damagaram bai buƙatar a kwatanta masa wasan. Gidajen gem suna nan a unguwanni, janareta na ruri, samari na biyan kuɗi suna buga ƙwallon PlayStation, wasu kuma a waya suke fafatawa. Sunan da waɗannan wurare suka yi a wajen iyaye shi ne jarin da duk makarantar da ta so gwada wannan za ta tarar, kuma ba mai kyau ba ne: guje wa aji, wuce lokacin salla, da zuba kuɗi a kan wasa. Makarantar da za ta yi, ba hukumar gunduma za ta fuskanta ba. Ƙungiyar iyaye da malamai ce, da kwamitin al'umma na makarantar, da limamin unguwa, da mai unguwa. Tambayoyinsu ma sun bambanta da na Kentucky: wa zai sayi mai ko ya sa sola, wa zai sa data, za a tsaya in an kira la'asar, 'yan mata za su koma gida kafin magariba, kuma wa zai tabbatar ko naira ɗaya ba a ɗora a kan sakamako ba. Wasan ƙwallo a na'ura ɗaya da talabijin ɗaya ba ya ma buƙatar intanet, yara biyu na zaune gefe da gefe, ajin gaba ɗaya na kallo, kuma ana iya gama gasar mutum 16 a yammacin Alhamis ɗaya in an taƙaita kowane wasa.